Hoton Da Ba A Wanke Ba

Ranar Juma'a aka ɗauke kyamarar Yaya Mukhtar, da rana tsaka, maza suna masallaci. Ni na fara ganin ƙusar da yake rataye ta babu komai. Na dawo daga markaɗe, na buɗe ɗakinsa zan ajiye masa abinci, sai idona ya sauka a bango. Jakarsa tana kan kujera, da fitilar kyamara da batura a ciki. Rediyonsa ma yana nan. Kyamarar ce kaɗai babu.

Ba a fasa kwado ba. A ƙarƙashin bulo muke ajiye makulli a bakin ƙofa, kuma duk gidan an sani.

Gidan haya ne a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗakuna jere suna kallon tsakar gida. Ni da yayana muke zaune, shi ma'aikacin jinya ne a babban asibiti. Hoto ba sana'arsa ba ce, so ne kawai. Wata tsohuwar kyamara ya saya hannun wani likita da zai bar gari, kullum yana goge gilashinta da auduga kamar mai wanke ciwo. Yana ɗaukar masu tallar gyaɗa, da tsofaffi a bakin masallaci, da hadari in ya taso ta Hotoro. In ya wanke sai ya bai wa wanda ya ɗauka kyauta.

Da ya dawo na faɗa masa, bai yi faɗa ba. Zama ya yi a bakin gado.

"Jummai, ba kyamarar nake ji ba," ya ce. "Fim ɗin da ke ciki. In aka buɗe bayanta haske ya shiga, shi ke nan, ya ƙone."

Na san abin da yake nufi. Kowa a gidan ya sani.

* * *

A shekarar ne soja suka miƙa mulki. Ranar da aka rantsar da farar hula, an fito da talabijin zaure, maƙwabta sun cika. Ɗahiru direban tirela, mai ɗakin ƙarshe, ya ce wa Yaya ya ɗauki ɗansa Aliyu hoto don a tuna da ranar. Yaron bai rufa shekara ba. Ɗan fari ne, don haka uwarsa Hasana ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa. "Yaron nan" take cewa. Ni aka miƙa wa shi, ya ƙi ni, ya yi ta tsala kuka. Dole ta karɓe shi don ya yi shiru. Yana jin hannunta ya ɓarke da dariya, ita ma ta manta ta yi murmushi. A nan Yaya ya danna.

Bayan haka ƙyanda ta shigo unguwa. Aliyu na cikin waɗanda ta tafi da su.

Ba a taɓa ɗaukarsa wani hoton ba. Shi kuwa Yaya ba ya cire fim sai ya cika talatin da shida, kuma tun rasuwar yaron hannunsa ya yi sanyi, bai sake ɗaukar komai ba. Bayan sadakar bakwai, Ɗahiru ya koma hanya. Da yammar Laraba Yaya ya faɗa a tsakar gida cewa hoton marigayi na cikin kyamara, zai ƙarasa fim ɗin ya kai wanki. Inna Uwani, uwar Ɗahiru da ta zo zaman makoki daga ƙauye, ta ce a jefa abin a rijiya. Hasana tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba.

* * *

Kafin a ce me, tsakar gida ta cika. Samarin sintirin unguwa sun shigo da gorori. Sunan Sani aka fara kamawa, ɗan acaɓa da ya zo daga Sumaila, yana kwana a shagon ƙofar gida. Wani ya ce ya taɓa jin yana tambayar kuɗin kyamarar. Wata ta ce ta gan shi ya fita gab da sallah, ya maƙale baƙar leda a hammata.

"Baƙin nan ne suka lalata unguwa," in ji shugaban 'yan sintirin. "A nemo shi, zai faɗa."

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Kai, a hankali. Soja sun tafi. Yanzu ba a fara duka sannan a yi tambaya. A kira mini Shehu."

Baba Shehu mai bin sawu a Tarauni yake zaune. A da maharbi ne a dajin kudu, da ƙarfi ya ragu ya shigo birni. In an saci akuya ko keke shi ake kira. Gajere ne, baƙi, yana tafiya kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Da ya iso ya tsaya a bakin zaure, ya dubi ƙasar da ruwan safe ya jiƙa, ya dubi jama'a.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Ko shanu aka koro ta nan ba za su fi ku ba."

Ya sa kowa ya koma jikin bango. Ya zagaya, ya tsuguna, ya tashi. Ya shiga ɗakin Yaya ya dubi ƙusa, ya dubi siminti, bai samu komai ba. Ya ce da ni, "'Yata, kada tsintsiya ta taɓa ɗakin nan sai na dawo." Na gyaɗa kai.

A gefen ƙofar ya sami sawu guda da ba a taka ba, takalmin roba mai tsaga a dunduniya. Ya bi shi har waje, inda ya hau kan sawun tayar babur.

"Na Sani ne," in ji wani.

"Na wani ne," Baba Shehu ya ce. "Mu je mu gani."

* * *

Abin da ya faru a Tarauni, Yaya ne ya ba ni labari. Sun tarar da Sani a bakin kasuwa, wajen mai faci, ledar na rataye a kan babur. Da aka ce ya buɗe, ya ƙi.

"Baba, don Allah a rufa mini asiri."

"Ɗana, asirinka na cikin ledar nan, ko rufewa ko tonuwa. Buɗe."

Ya buɗe. Takalmin mata ne ja, da kwalbar turare, da madubi ƙarami. Wata yarinya yake nema a Daurawa. 'Yan acaɓar da ke wurin suka fashe da dariya, wani ya ce, "Ango, wannan takalmin ai sai dai kakarta."

"Me ya kai ka ƙofar Malam Mukhtar?" Baba Shehu ya tambaye shi.

"Hoto nake so ya ɗauke ni a kan babur, in kai mata. Na tarar a kulle, na juyo."

"Kuɗin kyamara fa da ka tambaya?"

"Baba, ni komai na gani sai na tambayi kuɗinsa. Har jirgin sama na tambaya."

Baba Shehu ya yarda da shi, amma 'yan sintiri ba su yarda ba. Suka ce ya riga ya sayar, da kuɗin ya sayi takalmin. Suka riƙe makullin babur ɗinsa, suka taso shi a gaba.

Daga nan aka biya shagon Kabiru mai hoto, a bakin titin Zariya. Shi sana'arsa ce, kuma an san yana jin haushin Yaya. Ya sha neman a sayar masa da kyamarar.

"E, ina son ta," Kabiru ya ce. "Kuma na faɗa, mai ɗaukar hoto kyauta yana kashe mana kasuwa. Amma Baba, in ni ne, zan bar fitilar? Ita ta fi wuyar samu. A tambayi mai unguwa, sahu ɗaya muka yi sallah, har ya taka mini ƙafa."

Da Yaya ya gaya masa abin da ke cikin fim ɗin, ya cire hularsa ya shafa kai.

"Innalillahi. To ka roƙi Allah ya sa a hannun mai hoto ta faɗa. Wanda bai sani ba, abin da zai fara yi shi ne buɗe baya ya ga ciki."

* * *

Da suka dawo, Baba Shehu ya yi sallama a ƙofar ɗakin ƙarshe. Ina tsaye a gefe. Inna Uwani ta fito ta zauna a dokin ƙofa, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura.

"An ce kin ce a jefa a rijiya."

"Na faɗa. Yanzu ma in ka tambaye ni zan ƙara faɗa. Wanda Allah ya karɓa a bar shi ya kwanta. Me za a yi da takarda ana kallo ana fama ciwo?"

"Ina kike lokacin sallah?"

"Maƙwabta, gaisuwar mara lafiya. Matan gidan duk sun tafi bikin suna a Hotoro. Kai Shehu, dube ni da kyau. Ni da ba na iya ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali, ni zan kai ƙusar can?"

"Surukarki fa?"

"Tana ciki. Tun da aka yi rashin nan ba ta fita ko zaure. Yarinya ce mai kunya, ko hawayenta ban gani ba. Haka ake so."

Ta gefen labule na hango Hasana kwance, ta juya wa ƙofa baya.

Baba Shehu ya koma ƙarƙashin bishiyar darbejiya ya zauna, ya ɓare goro bai ci ba. Na ji yana ce wa Yaya, "A daji ƙasa ba ta ɓoye mini komai. Nan kuwa siminti ne, ba ya riƙe amana." A zaure ana ta yi wa Sani tsawa.

* * *

Bayan la'asar ya ce a sake buɗe masa ɗakin. Rana ta karkata, haskenta ya shigo ta ƙofa ya kwanta a ƙasa. Ya tsaya cak.

Kiyashi ne. Sun fito daga wata tsaga a gindin bango, sun yi layi siriri, sun taru daidai ƙarƙashin ƙusar. Da farkon zuwansa babu su.

"Ga waɗanda suka fi ni iya aikin," ya ce a hankali. Ya durƙusa, ya hure su. Wasu 'yan ɗigo ne a kan simintin, sun bushe, gefensu ya yi fari-fari.

"Malam Mukhtar, kana shan shayi a nan?"

"A'a, wajen mai shayi nake sha."

"Fura? Koko?"

"Jummai ba ta barina in ci komai a tsaye. A kan tabarma can nake ci."

Baba Shehu ya dangwali wurin da ɗan yatsa, ya kai hanci. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar, ya miƙa hannunsa sama kamar mai ciro abu, ya dubi inda ƙirjinsa ya tsaya. Sai ya ce wa Yaya ya je ya kira masa mai unguwa. Da muka rage mu biyu, ya juyo, amma bai kalli fuskata ba.

"'Yata, ki gafarce ni, tambayar mata zan yi miki. Wa ke shayarwa a gidan nan?"

"Babu kowa, Baba," na ce.

Ban rufe baki ba na tuna. Tun bayan rasuwar Aliyu, Hasana take ɗaure ƙirjinta da gyale, Inna na dafa mata saiwoyi don ruwan ya ƙafe, ya ƙi ƙafewa. Ko jiya na ga gaban rigarta a jiƙe. Na dafa bango.

"To," ya ce. "Kada ki ce komai. Ba ni ba ke."

* * *

Aka tara mutane a tsakar gida. Mai unguwa a kan kujera, Yaya a gefensa, Kabiru ya rufe shago ya zo. Sani na zaune a ƙasa tsakanin 'yan sintiri, rigarsa ta yage a kafaɗa. Inna Uwani na dokin ƙofarta, labule a sake a bayanta.

Baba Shehu ya tsaya a tsakiya.

"Kabiru na masallaci, mai unguwa shaida ne. Inna na maƙwabta. Sani ya zo ƙofar nan ya juya. Na bi sawunsa na ɓata wa kaina yini, na ja masa wulaƙanci, ya yafe mini."

"To wa ya ɗauka?" in ji shugaban 'yan sintiri.

"Ɓarawo yana ɗaukar abin da zai sayar. Wannan ya bar rediyo, ya bar fitila, ya kulle ƙofa, ya mayar da makulli inda ya gan shi. Ba kyamara yake so ba. Abin da ke ciki yake so ya gani." Ya ɗan ɗaga murya, idonsa na ƙasa. "Ina so ya sani, ba a ganinsa ta leƙe. Kuma haske yana kashe shi. In ya bari ya kai gobe, mai yiwuwa ba wanda zai ƙara ganin fuskar nan."

Ba wanda ya motsa. Wata kaza ta ratsa ta tsakiyar mutane ta wuce.

"Baba, wannan duk zance ne," saurayin ya ce. "In ba ka da suna, mu muna da shi. Tashi, Sani. A ofishin 'yan sanda za ka tuna inda ka kai ta." Ya damƙi wuyan rigarsa.

"A sake shi."

Muryar ƙasa-ƙasa ta fito, daga bayan labule. Inna Uwani ta waiga. Hannu ya fito ta ƙasan labulen, ya turo wani ƙunshi waje. Majanyin goyon Aliyu ne, an naɗe shi da kyau, an ɗaure bakinsa.

Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Ya ce wa samarin, "Ku ba shi makullinsa, ku ba shi haƙuri, ku fita." Suka fita sumui-sumui. Sani ya tashi ya kaɗe wandonsa, ya dubi majanyin, ya ce, "Allah ya jiƙan yaro."

Yaya ya kwance ƙunshin, sai ga kyamarar. Bai duba gilashi ba, saman kyamarar ya duba, inda wata 'yar taga ke nuna yawan hotunan da aka ɗauka. Lambar ta koma farko. Ya nuna wa Kabiru, Kabiru ya cije leɓe.

"An buɗe," Yaya ya ce.

* * *

Ba za ta yi magana da maza ba, don haka ni aka tura. Tana zaune a ƙuryar gado ta haɗa kai da gwiwa. Na zauna kusa da ita. Da ma ni da ita ba masu yawan magana ba ne, mun fi sabawa da tsinke zogale tare shiru.

"Yaya na tambaya, a ina kika buɗe?"



"Nan. Na rufe ƙofa da taga. Na ji tsoro kada Inna ta dawo ta gan ni, sai na shiga cikin bargo na lulluɓe har kai. Na leƙa ta gilashin, ban gan shi ba. Na ja wani abu, bayan ya buɗe. Duhu ne, Jummai. Ban ga komai ba. Na rufe." Ta share fuska da bakin zani. "Sau ɗaya kawai nake so in gani, in mayar. Na fara manta yadda kunnensa yake."

Na fita na faɗa musu yadda ta faɗa. Kabiru ya miƙe tsaye.

"Wane irin bargo?"

Inna Uwani ta jawo shi ta miƙo. Baƙi ne mai nauyi, irin wanda direbobi ke sayowa a hanya. Kabiru ya ɗaga shi ya kalli rana ta cikinsa, ya juya shi, ya sake kallo.

"Malam Mukhtar, hoton yaron a farkon fim yake ko a ƙarshe?"

"A farko. Bayansa na ɗauki mutanen zaure da yawa."

"To sun naɗe a kansa, sun yi masa riga. Ban yi alkawari ba. Amma kawo ta, ni zan cire shi a cikin baƙar jaka, ni zan kai wanki da hannuna."

Inna Uwani tana zaune ta zuba wa ƙasa ido. Can ta ce wa Hasana, ba tare da ta juya ba, "Ke kuwa me ya hana ki tambaya?"

Baba Shehu yana sa takalminsa, ya ce, "Inna, da ta tambaya, me za ki ce?"



"Nawa na fari ma haka ya tafi," ta ce. "Har aka sa shi a ƙasa bakina bai taɓa kama sunansa ba."

Baba Shehu ya ɗauki sandarsa, ya yi sallama, ya fita kansa a ƙasa yadda ya shigo.

* * *

Ranar Litinin Kabiru ya kawo hotunan da kansa. Yawancinsu sun lalace. Mutanen zaure da talabijin da duk murnar ranar sun zama ja da ruwan ɗorawa, ba a gane kowa. Yaya yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa. Sai ya tsaya.

Wani jan layi ya ci gefe ɗaya, ya tafi da rabin darbejiya. Amma tsakiyar na nan fes. Ga Aliyu baki buɗe, da haƙoransa biyu na ƙasa, ya damƙi bakin mayafin uwarsa. Ga ita tana kallonsa.

"Kai mata," Yaya ya ce. Ya juya ya shiga goge gilashin kyamara, ko da yake babu ƙura a jiki.

Na same su su biyu a ɗaki. Na rasa wadda zan miƙa wa. Inna Uwani ta karɓa, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta kife shi. Sai ta goge shi da gefen zaninta, ta ɗora a cinyar surukarta.

"Riƙe," ta ce. "Naki ne."

Ta yunƙura za ta tashi ta ba ta wuri, ƙafar ta ƙi, ta koma ta zauna. Hasana ta sa hannu biyu ta ɗauki hoton. Ta bi kunnen da ɗan yatsa, a hankali. A gaban surukarta, a gabana, ta buɗe baki.

"Aliyu," ta ce.